Wace fitila ce za ta wadatar da anemon da kilam a tanki mai zurfin santimita 60?

Baban Khalifa:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kiwon halittun teku. Ina neman shawararku game da fitilar da ta dace da tankina, domin ba na son in kashe kuɗi a kan komai sai na ji ta bakin waɗanda suka riga ni gogewa a wannan harka. Tankin na gilashi ne, tsawonsa santimita 120, faɗinsa 50, zurfinsa kuma 60, wato yana cin ruwa kimanin lita 360 kafin a cire gurbin duwatsu da yashi. Ya haura shekara yana aiki, ruwan ya zauna, gishirinsa yana kan 1.025 a ma'aunin nauyin ruwa, zafinsa kuma ina ƙoƙarin riƙe shi a digiri 26. Abin da ke ciki a yanzu shi ne ƙananan kifayen Amphiprion (clownfish) guda biyu da wasu murjanai masu laushi, fitilar da ke kansu kuwa fara ce irin wadda ake haɗawa da tanki don a riƙa ganin kifi kawai.

Burina shi ne in saka anemon, wato dabbar teku mai kama da fure mai yatsu masu harbi, irin Entacmaea quadricolor, mai kumburi a kan yatsu, domin kifayen su samu mazauni, sannan in ƙara da kilam guda ɗaya, wato dabbar teku mai ɓawo biyu da ke buɗewa da rufewa, kuma raina ya fi kwantawa da Tridacna maxima mai shuɗin mayafi, wato naman da ke fitowa a bakin ɓawonta. Da na fara tambaya sai maganganu suka sha bamban. Wani ya ce kilam ba ta rayuwa sai a ƙarƙashin fitilar halaid (metal halide, ƙwai mai tsananin haske da zafi) mai wat 250, kuma tanki irin nawa biyu yake buƙata. Wani ya ce dogayen ƙwayayen T5 guda shida sun wadatar. Wani kuma ya ce an wuce wannan zamani, in sayi LED in huta. Akwai ma wanda ya ce in lissafa wat ɗaya ga kowace lita, shi ke nan. A Abuja nake zaune, kun kuma san yadda zafi yake a watan Maris da Afrilu, ga shi idan aka ɗauke wuta da inbata da sola nake riƙe tankin. Wace fitila ce za ta ishe su su biyun ba tare da ta dafa mini ruwa ba? Na gode, Allah ya saka da alheri.

Mazaunin Fot Sudan:

Wa alaikumus salam, Baban Khalifa. Kafin a zo batun irin fitila, ya kamata a fara sanin dalilin da ya sa waɗannan halittu biyu suke buƙatar haske fiye da kifi. Anemon da kilam dukansu suna ɗauke da ƙananan ƙwayoyin gansakuka na dangin Symbiodiniaceae a cikin namansu. Ƙwayoyin ne ke amfani da haske su samar da sukari, mai masaukinsu ya ci daga ciki, shi kuma ya ba su mafaka da sinadaran da suke girma da su. Kamar manomi ne da gonarsa take a gadon bayansa: idan rana ba ta sauka a gonar ba, yunwa za ta kama shi ko da yana zaune a cikin ruwa mai tsabta. Saboda haka fitilar tankinka abincinsu ce, ba kayan ado ba ce.

Sai dai akwai bambanci guda tsakaninsu wanda a ganina shi ne ya kamata ya yanke maka hukunci. Anemon yana tafiya. Idan haske ya yi masa kaɗan zai saki dutsen da yake kai ya hau sama, idan ya yi masa yawa zai shige inuwar wani lungu ya riƙa miƙo yatsunsa gwargwadon abin da yake so. Kilam kuwa, musamman maxima da crocea, tana ɗaure kanta a jikin dutse da wasu zaruruwa da ke fitowa daga ƙarƙashinta, kuma inda ta kama nan za ta zauna. Idan hasken wurin bai isa ba, ba ta da wata dabara, za ta yi ta ramewa a hankali na tsawon watanni har wata safiya ka tarar da ɓawo a buɗe. Don haka ka zaɓi fitilar da za ta ishi kilam a daidai inda za ka ajiye ta, shi anemon zai nemo wa kansa wuri a cikin wannan hasken.

A nan gaɓar Bahar Maliya, duk wanda ya taɓa leƙa saman tsaunukan murjani ya san inda maxima take zama: a ruwa marar zurfi, sau da yawa mita ɗaya zuwa 'yan mitoci, ta nutse cikin dutse ba abin da ake gani sai bakin mayafinta mai lanƙwasa, shuɗi ko kore ko ruwan ƙasa, rana tana dukanta tun hantsi har la'asar. Halittar da ta saba da wannan ba za ta gamsu da fitilar kallon kifi ba. Tridacna crocea, wadda ita ce ƙarama a dangin, ba ta cika wuce santimita 15 ba, ta ma fi maxima son haske. Tridacna derasa da Tridacna squamosa su ne masu sauƙin hali, domin ana samunsu a wurare masu ɗan zurfi, kuma a tanki suna iya zama a kan yashi. Matsalar derasa ita ce girma, tana iya kaiwa santimita 60, wanda ya fi faɗin tankinka.

Batun wat ɗaya ga kowace lita kuwa, ka ajiye shi gefe. Wat yana gaya maka wutar da fitila take sha ne, ba hasken da ya isa ga dabbar ba. Abin da masu kiwo suke aunawa shi ne PAR, wato yawan hasken da tsawon zangonsa ke tsakanin nanomita 400 zuwa 700 da yake sauka a wuri guda, kuma ana auna shi ne da na'urar da ake nutsa kanta cikin ruwa. Rana tsaka a ƙasashe masu zafi tana kaiwa kusan 2000 a saman ruwa. A cikin tanki ba a neman haka, amma adadin da akasarin masu kiwo suke aiki da shi shi ne kimanin 250 zuwa 400 ga maxima da crocea, 150 zuwa 250 ga derasa da squamosa, shi kuma Entacmaea yana zama lafiya a tsakanin 150 zuwa 300. Fitila guda tana iya ba ka 400 a kusa da saman ruwa amma ta kasa kai 120 a kan yashi a zurfin santimita 60, shi ya sa tambayar da ta fi muhimmanci ita ce a wane tsayi za ka ajiye kilam ɗin.

Kada kuma ka amince da idonka a wannan aiki. Idon ɗan Adam ya fi jin haske mai kore da rawaya, alhali ƙwayoyin gansakukar sun fi cin moriyar shuɗi, wajen nanomita 430 zuwa 470, saboda a teku ruwa yana shanye jan haske tun a mitocin farko, shuɗi ne yake ratsawa ƙasa. Wannan ne ya sa tanki mai shuɗin haske yake bayyana kamar da duhu alhali yana iya ƙona dabba, kuma shi ne ya sa ma'aunin haske na wayar hannu ba ya ba da amsar da za a dogara da ita.

Injiniyan Sola:

Malam ya gama da ɓangaren halitta, ni zan yi magana a kan wuta da zafi, domin a yanayinka su ne za su raba gardama. Halaid biyu masu wat 250 suna shan wat 500, ban da abin da na'urar kunna su take ci. Idan suka yi awa 9 a kunne, kilowat-awa 4.5 ke nan a kowace rana, kuma kusan dukkan wannan wuta a ƙarshe zafi take komawa a cikin ɗakin da ruwan. A lokacin bazara, da wuya ka riƙe digiri 26 ba tare da na'urar sanyaya ruwa ba, ita ma wani nauyi ne babba a kan inbata. Ka tuna cewa idan ruwa ya daɗe a digiri 30 ko sama da haka, anemon da kilam suna fara korar gansakukar da ke jikinsu su yi fari, wato fitilar da ka saya don ciyar da su ita ce za ta raba su da abincinsu. Akwai kuma wani hali na halaid da bai dace da wurin da wuta take zuwa tana tafiya ba: idan ta mutu tana da zafi ba ta sake kamawa sai ta huce na wasu mintoci, yawan kashewa da kunnawa kuma yana rage mata kwana.

T5 guda shida masu wat 54, waɗanda su ne daidai da tanki mai santimita 120, suna shan wat 324. Haskensu yana bazuwa daidai ko'ina, babu wurin da ya fi wani ƙarfin haske sosai, wannan kuwa alheri ne ga mai farawa. Amma ƙarfinsu yana raguwa tun kafin su mutu, ana canza su kusan duk shekara, kuma irin ƙwayayen da ake yi don murjani ba su ne na haska shago ba, sai an yi odarsu daga waje, ga su dogaye masu saurin fashewa a hanya.

Ni dai shawarata LED ce, amma irin wadda aka ƙera don tankin murjani, mai wat 90 zuwa 100 ko sama, guda biyu, domin kowace ɗaya tana rufe fili kimanin santimita 60 a kan 60. Ka tabbata ana iya rage ƙarfinta da ƙara shi, kuma shuɗi da fari kowanne yana da nasa makunni. Ka rataye su santimita 20 zuwa 30 a saman ruwa. Idan suka matso ƙasa sosai hasken yakan taru a tsakiya ya bar gefuna cikin duhu. Da wuya ka buƙaci cikakken ƙarfinsu, don haka wutar da za su sha a rana ba za ta kai rabin ta halaid ba. Sannan idan wuta ta daɗe ba ta dawo ba kuma batir ya fara yin ƙasa, fitila ce ta farko da za ka kashe. Kwana ɗaya ko biyu babu haske ba ya kashe anemon ko kilam, a teku ma ana yin hadari, amma ruwan da ya tsaya cak babu famfo iskarsa tana ƙarewa cikin sa'o'i.

Alhaji Mai Murjani:

Injiniya, ban ƙi lissafinka ba, kuma a kan zafi gaskiyarka ce. Amma ina so Baban Khalifa ya san cewa mutane sun yi shekaru masu yawa suna raya maxima da crocea a ƙarƙashin halaid kafin LED ta shigo, kuma har yau ban ga fitilar da take ratsa ruwa mai zurfi ta fito da launin mayafin kilam kamar halaid mai Kelbin 14,000 (ma'aunin launin haske) ba. Abin da nake gani ga masu LED shi ne suna buɗe shuɗi har ƙarshe su kashe fari, saboda launuka su riƙa walƙiya, sai tankin ya koma wani iri, ba ka iya gane ko dabba ta fara kwarjalewa. Farin haske yana da amfaninsa, ko ba komai da shi ne za ka ga lafiyar abin da kake kiwo. Abu na biyu shi ne inuwa: hasken LED yana fitowa daga wuri ƙarami, duk dutsen da ya tare shi yakan bar duhu a ƙarƙashinsa. Idan da hali, ka haɗa LED ɗin da T5 guda biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, wat 108 ne kawai za su ƙara maka, kuma za su cike wuraren da LED ta bari.

Baban Khalifa:

Allah ya ƙara ilimi, Malam, da Injiniya, da Alhaji. Na fahimci cewa halaid ba ta dace da yanayina ba, don haka zan nemi LED biyu, in bar gurbin T5 kamar yadda Alhaji ya ce, in ƙara su idan na ga inuwa ta yi yawa. Akwai dutse mai faɗin kai a ɓangaren dama, kimanin santimita 25 daga saman ruwa, ina ganin nan ne zai dace da maxima. Sauran tambayoyina uku ne. Wanne zan fara sakawa a cikinsu? Awa nawa fitilar za ta riƙa yi a kunne? Sannan ba ni da na'urar auna PAR, ban kuma san wanda yake da ita a kusa ba, to ta yaya zan gane ko hasken ya isa?

Maman Ilham:

Baban Khalifa, kafin dukansu biyu, murjanan da ke cikin tankinka su ne za su fara fuskantar sabuwar fitila, kuma sun saba da haske mai rauni. Ka fara da kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na ƙarfinta, ka riƙa ƙara kimanin kashi 5 a kowane mako. Idan ka ga sun tsuke ko launinsu ya fara koɗewa, ka tsaya a nan na wani lokaci. Wanda fitilarsa ba ta raguwa yana iya shimfiɗa ragar sauro ta taga ninki uku a saman tanki ya riƙa cire ɗaya bayan ɗaya.

Anemon za ka fara sakawa. Dalili shi ne yakan yi yawo kafin ya zaɓi wuri, kuma duk abin da ya gifta yana harbinsa. Mayafin kilam ba ya jure wannan. Entacmaea yana son rami a cikin dutse inda zai cusa gindinsa cikin duhu ya fito da kansa cikin haske, don haka ka tanadar masa irin wannan wuri a ɓangaren hagu, nesa da dutsen da ka ware. Ka rufe bakin famfunan motsa ruwa da raga ko soso tun kafin ya shiga, domin anemon da ke yawo da dare idan famfo ya ja shi yakan yayyanka shi, ruwan ya lalace gaba ɗaya. Wajen saye kuma, kada farin anemon ya burge ka. Wanda ya yi fari fat ya rasa gansakukarsa ne, mai lafiya yana da launin ƙasa-ƙasa ko kore ko ja a cikin namansa, bakinsa a rufe, gindinsa babu yaga. Ka ba shi ɗan gutsuren jatan lande sau ɗaya ko biyu a mako. Idan ya yi wata ɗaya ko biyu bai motsa daga wurinsa ba, to lokacin kilam ya yi.

Ita kilam, ka nemi wadda ta kai santimita 7 zuwa 10, domin ƙanana sosai ba su da juriya. Ka fi son wadda aka haifa a gonar kiwo, kuma ka tambayi takardunta, saboda dukkan dangin Tridacna suna cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar barazana, ba a fitar da su daga ƙasa zuwa ƙasa sai da izini. Kafin ka biya, ka gitta tafin hannunka tsakaninta da fitila. Mai lafiya tana da ƙananan idanu masu yawa a gefen mayafinta, da zarar inuwa ta faɗa mata za ka ga ta zabura ta janye mayafin ta tsuke ɓawonta, bayan ɗan lokaci ta sake buɗewa a hankali. Wadda ba ta damu da inuwa ba, ko ɓawonta ya wangale har kana hango cikinta, ka bar ta. Idan ka kawo ta gida kada ka ɗora ta a dutsen sama kai tsaye. Ka ajiye ta a ƙasa a kan ɗan ƙaramin dutse mai faɗi ta kama shi, sai ka riƙa ɗaga ta tare da dutsen mataki-mataki cikin makonni har ta isa inda ka tanada. Kada ka taɓa fizge ta daga abin da ta kama, domin yaga gaɓar da ke fitar da zaruruwan yana iya kashe ta.

Alamar da na fi dogara da ita wajen sanin ko haske ya isa ita ce bakin ɓawo. Idan ka duba ƙarƙashin mayafi a hankali za ka ga wani siririn layi fari tas, sabon ɓawo ne da take ginawa. Muddin layin yana nan yana ƙaruwa, tana samun abin da take buƙata. Amma haske kaɗai ba ya gina ɓawo: ka riƙe kalsiyam na ruwan a miligiram 400 zuwa 450 a kowace lita, alkaliniti (ƙarfin ruwa na jure tsami) a 8 zuwa 9 a ma'aunin dKH, magniziyam kuma wajen miligiram 1300 a kowace lita, ka riƙa aunawa kowane mako, domin kilam mai girma tana shanye su da sauri. Da dare kuma ka haska ƙarƙashinta da tocila, akwai wasu fararen dodon-koɗi da ba su kai ƙwayar shinkafa ba masu tsotse ta, idan ka gan su ka goge su da burushi.

Mazaunin Fot Sudan:

Abin da Hajiya ta faɗa game da bakin ɓawo shi ne ma'aunin da ba ya ƙarya, sai dai yana ɗaukar makonni kafin ya nuna. A kan rashin na'ura, masu ƙera fitilun murjani da yawa suna fitar da taswirar PAR da ke nuna adadin da ake samu a zurfi daban-daban, ka nemi ta fitilar da za ka saya tun kafin ka biya, ka duba abin da take bayarwa a santimita 25 ƙarƙashin ruwa a tsayin ratayar da za ka yi. Idan ba su fitar da komai ba, ni zan nemi wata. Anemon ma zai taimaka maka: idan ya riƙa miƙewa sama yana hawa dutse bayan dutse, hasken ya yi kaɗan, idan kullum da rana yana ƙudundune a lungu, ya yi yawa ko kuma ka ƙara shi da gaggawa.

Game da sa'o'i, awa 8 zuwa 9 na cikakken haske sun isa, da awa ɗaya ko ɗaya da rabi na shuɗi mai rauni kafin nan da bayan nan, jimilla kada ta wuce 12. Tsawaita lokaci ba ya maye gurbin ƙarfin da babu, gansakukar banza kawai yake haifarwa a jikin gilashi. Ka sa lokacin ya zama ɗaya kullum, kuma bayan kowace ɗaukewar wuta ka duba agogon fitilar, domin wasu sukan rikice su kunna da tsakar dare. A bazara kana iya matsar da sa'o'in hasken zuwa yamma da farkon dare don kada zafin fitila ya haɗu da na rana tsaka. Ka riƙa goge gishirin da yake bushewa a gilashin fitila, domin yana tare haske fiye da yadda ake zato. Sannan ranar da ka saka sabon gawayin tace ruwa, ka rage fitilar da kimanin kashi 10 na 'yan kwanaki, saboda ruwan da ya yi rawaya-rawaya idan ya washe lokaci guda hasken da ke isa ƙasa yana ƙaruwa, kilam ɗin da ke kan dutsen sama kuma ita ce za ta fara jin sa.